Kaset Ɗin da Na Tsinta a Aljihun Gwanjo

Abu na farko da na lura da shi a Kumasi shi ne ƙasar garin ba a kwance take ba. A ƙauyenmu, tsakanin Gezawa da Zakirai, in mutum ya tsaya a bakin gonar Baba yana hango rimin ƙauye na gaba har da hayaƙin girkinsu. A can kuwa titi ya hau, ya gangara, ya sake hawa, rufin kwano mai tsatsa a kan rufin kwano mai tsatsa, har na riƙa jin kamar motar za ta zame da baya. Na rungume ƙullin kayana da hannu biyu. Gwaggo Dije ta dube ni ta ce, "Saki jikinki, 'yar ladan. Ba a satar ƙauyawa da rana."

Shekarata goma sha biyu a lokacin, na gama firamare ke nan. Shekarun nan ne da ruwa ya riƙa ɗaukewa gero yana tsakiyar fitar da kai, taki ya gagari talaka, mata suka koma auna hatsi da gwangwani. Baba manomi ne, shi ne kuma ladanin masallacin ƙauyenmu. Ya so in wuce sakandare, amma abin da ke cikin rumbu ba zai ciyar da gida ya kuma ɗinka min kayan makaranta ba. Gwaggo Dije yayarsa ce, ciki ɗaya, ta daɗe a Gana tana sayar da gwanjo. Da ta zo ganin gida ta ce a ba ta ni, makarantun can sun fi na nan, ita za ta ɗauki nauyin komai. Ni ce 'yar fari, don haka ba ma doguwar magana da Baba, ko sunana ba ya kamawa. Abin da ya ce min kawai shi ne, "Ke, ki riƙe karatu."

Ɗakin Gwaggo yana cikin wani babban gidan haya a unguwar Hausawa. Ba zaure, daga titi sai tsakar gida. Hausa ake yi, amma Hausar da ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne. Kwanakin farko in aka ce "kai" sai in waiwaya in nemi wanda ake kira. Da safe ina ganin yara suna wucewa ta ƙofar gida, riga ruwan ɗorawa, siket ruwan ƙasa, wasu da littattafai a ka. Na tambayi Gwaggo yaushe zan fara. Ta ce an riga an rufe ɗaukar sababbi, sai sabuwar shekara. Da sabuwar shekara ta zo ta ce takardar firamaren Najeriya ba ta aiki a nan, sai an nemi wani mutum. Daga baya ta ce mutumin ya yi tafiya. Daga nan ita ta daina kawo dalili, ni ma na daina tambaya.

Kasuwa nake bin ta. Rumfarta tana layin 'yan gwanjo, inda hanya ba ta wuce faɗin mutum biyu ba, kwata na bi ta tsakiya. Mutanen can suna kiran gwanjo kayan mataccen Bature, don a ganinsu ba mai rai da zai rabu da tufa masu kyau haka. Ranar buɗe dila ita ce babbar rana. Ana yanke ƙarfen da aka ɗaure ta da shi, sai kayan su kumbura su tashi kamar ƙullun da ya kwana, wani wari na magani ya cika rumfa. Gwaggo ta ware na farko, ta ware na biyu, ragowar a zube a ƙasa a yi ta kiran masu wucewa. Aikina shi ne in bi kowace riga da kowane wando in juye aljihu kafin a rataye. Dokar Gwaggo ɗaya ce: duk abin da ya yi kama da kuɗi ko zinariya nata ne, sauran a zuba a kwata.

Ban taɓa samun zinariya ba. Na samu tikitin mota, alawar da ta narke ta manne, maɓallai, gashin kare, makullin da ba a san ƙofarsa ba. Na taɓa samun hoton wata tsohuwa tana dariya ba haƙori. Nakan ɗan dube su kafin in zubar.

Kaset ɗin a aljihun ciki na wata jaket ɗin jins na same shi. An tsage hannuwan jaket ɗin da gangan, an manna mata bajoji. Na kai wa Gwaggo. Ta juya shi gaba da baya ta ce, "Wannan kuɗi ne?" Na ce a'a. Ta ce, "To me kike nuna min?" Ban jefa shi a kwata ba, na soke shi a zanina.

Bangonsa ba irin na kaset ɗin kasuwa ba ne. Farar takarda ce aka yanke da almakashi, yankan ma ya karkace. Akwai hoto baƙi da fari na mutum huɗu a gaban ƙofar gareji, maza uku da mace ɗaya, ɗaya daga cikin mazan ya rufe ido daidai lokacin da aka ɗauka. Sunayen waƙoƙin da biro aka rubuta. Sunan su masu waƙar kuwa ruwa ya taɓa shi ya narke, harafi biyu kawai suka saura. Har yau ban san su waye ba, ban san ƙasarsu ba.

Maƙwabciyar rumfarmu wata 'yar Asante ce mai sayar da takalman gwanjo, ana ce mata Anti Akosuwa. Ƙatuwar mace ce mai ƙaramar murya. Tana da rikoda a ƙarƙashin teburinta, tana jin waƙoƙin coci tun safe. Ita ce ta fara lura da ba na cin abinci sai Gwaggo ta tuna, ta riƙa turo min soyayyar ayaba a ganye da ƙafarta ta ƙarƙashin tebur. Wata rana da azahar Gwaggo ta tafi ganin sababbin diloli, na daɗe ina tsaye kusa da Anti da kaset a hannu.

"Kai, yaro, bakinka ya mutu?" in ji ta. "Kawo."

Ta cire na coci ta saka nawa. Da farko shuu kawai. Sai aka buga sanduna biyu da juna, ƙwas ƙwas ƙwas ƙwas, sai komai ya faɗo lokaci ɗaya, kamar an ture jeren kwanukan amarya. Anti ta zabura ta rage murya.

"Yesu! Faɗa suke yi?"

Ba faɗa suke yi ba. Da na saurara na gane akwai tsari a ciki. Mai ganga yana gudu fiye da luguden mata uku a turmi ɗaya, gita biyu suna bin sa suna ƙara kamar injin markaɗe, mai waƙar kuma ta hanci yake yi kamar mai mura. In ya kai wani wuri sai sauran su taya shi da ihu, o-o-o, ba duka a daidai ba. Kafin mutum ya zauna sosai waƙar ta ƙare, kamar an rufe ƙofa. Sai a sake buga sanduna. A ƙarshen ta uku wani ya yi tari, macen ta yi dariya, ba su goge ba.

Wani mai tallan kaset da ke wucewa da faranti a ka ya tsaya ya saurara. Ya karɓi bangon ya duba ya ce, "Fank ne, kiɗan yaran Turawa marasa aikin yi. Wannan ma ba kamfani ne ya buga ba, su suka yi abinsu a gida. Ko kyauta ka ba ni ba na so." Ya wuce.

Tun daga ranar, duk sanda Gwaggo ta bar rumfa, Anti takan ce, "Zo ka ji mahaukatanka." In shiga ƙarƙashin teburinta tsakanin buhunan takalma, in kara kunne a jikin rikoda. Daga nan ƙafafun mutane kawai nake gani. Ba na jin Turancinsu, har yau ma da na ƙara karatu rabin abin da suke faɗa ba na kamawa. Amma na haddace inda kowace ganga za ta faɗi. Ni da wuni guda ba na yin maganar da ta cika baki, ga wasu can a wata ƙasa suna ihu iyakar ƙarfinsu, ba wanda ya ce musu su yi shiru. Waƙa ɗaya ce ba na so, ta tsakiyar gefe na biyu. A hankali take tafiya, gita ɗaya ba ganga, kullum sai in tura ta gaba.

Akwai al'adar da mutanenmu na can suke yi. Da yake yawancin iyaye a gida ba sa karanta boko, ba a cika aika wasiƙa ba, kaset ake yi. Mutum ya zauna gaban rikoda ya gaida kowa da sunansa, ya faɗi labarinsa, a ba direbobin motocin goro masu zuwa Kano. Gwaggo takan yi wa Baba nata ta hannun wani direba ɗan Gezawa, Malam Ɗanjuma. In ta gama gaisuwarta sai ta jawo ni.

"Zo ki gaida ubanki. Ki ce karatu lafiya."

In ce, "Baba ina wuni. Karatu lafiya."

"Ɗaga murya, ba da aljani kike magana ba. Ki ce malamai suna yabonki."

In ce malamai suna yabona. Hannunta yana kan kafaɗata, ba ta matsa ba, ajiye shi kawai take yi.

Na shiga shekara ta biyu a haka. Wata rana wata yarinya mai kayan makaranta ta zo sayen takalmi wurin Anti, ta ajiye littafin lissafinta a kan tebur a buɗe. Na leƙa. Irin lissafin da na fi kowa iyawa ne a ajinmu, na raba lamba mai saura. Na bi shi da ido na kasa tuna inda ake farawa. Da yarinyar ta tafi na ce wa Anti ina son in yi wa Baba kaset ni kaɗai.

Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta zaro ɗaya daga cikin nata ta ce in goge in yi a kai. Na duba, hoton fasto ne ya ɗaga hannu sama, ga gicciye a jikin kaset ɗin kansa. Na ce, "Anti, babana ladan ne." Ta yi ta dariya har ta share hawaye. Sabo kuwa ba ni da abin saye, ita ma a kwanakin nan kasuwa ta tsaya mata. Saura nawa.

Ta nuna min wasu 'yan ramuka biyu a saman kaset ɗin, ta ce sai an toshe su rikoda zai yarda ya ɗauki murya. Muka tauna takarda muka cusa. Ta ce in mayar da shi farko in danna jan maɓalli. Na riƙe kaset ɗin na kasa. Farko nan ne wurin bugun sandunan nan sau huɗu, da waƙar da ta tsorata Anti, da tarin nan da dariyar. Sai na juya gefe na biyu, na tura har waƙar nan mai tafiya a hankali, na yi maganata a kanta, a ƙarƙashin tebur. Da na gama na sa biro na mayar da zaren daidai inda sallamata ta fara, yadda duk wanda ya saka ya danna, muryata zai fara ji. Na cire bangon na riƙe, na naɗe kaset ɗin a leda.

Malam Ɗanjuma yana tashar goro yana duba yadda ake loda huhuna. Na durƙusa na miƙa masa na ce na Baba ne, a hannunsa. Ya ce, "Gwaggon taki ta sani?" Na sunkuyar da kai. Ya dube ni ɗan lokaci, ya saka a aljihun gaba ya ce, "Allah Ya kai mu."

Daga nan ƙarƙashin teburin Anti ba abin ji sai waƙar coci. Nakan yi bugun sandunan nan sau huɗu da yatsa a gwiwata, sauran ya biyo a cikin kaina.

Da motar goro ta dawo, Malam Ɗanjuma ya zo har rumfa. Ya gaida Gwaggo ya ce Malam Sale, wato Baba, ya ce a haɗa masa yarinya da motar da za ta tashi. Gwaggo ta ce, "Lafiya?" Ya ce shi dai abin da aka ce masa ke nan. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta zaɓo min riguna biyu daga na farko, ba daga na ƙasa ba. Ranar tafiya ta gyara min ɗaurin kallabi ta ce, "Ni na goyi ubanki a bayana. Ki tuna da wannan in kin je kina ba da labari." Anti Akosuwa ta ba ni takalmin makaranta baƙi, ya yi min yawa. Ta ce, "Ƙafa zai girma."

Hanyar dawowa ta fi ta zuwa tsawo. Muna bayan mota a kan huhunan goro, ni da wata tsohuwa 'yar Tofa da mijinta ya rasu a Gana take komawa gida. A kowace iyaka sai a sauke mu a tsayar a rana, direba ya shiga wani ɗaki ya daɗe. A wata iyakar wani mai kaki ya buɗe ƙullina, ya ɗaga takalmin ya gwada a tafin hannunsa, tsohuwar ta ce masa jikarta ce ni, marainiya, ya ji tsoron Allah. Ban san ko ya ji Hausa ba, amma ya ajiye. Motar ta lalace a wani daji bayan Tamale, muka yi kwanaki muna cin gari da ruwa, ana sauke huhuna ana yayyafa musu ruwa kada goro ya bushe. Goron ya fi mu shan ruwa. A hankali bishiyoyi suka riƙa gajarta, ƙasa ta kwanta. Ranar da na ga kuka ta farko na san an kusa.

Na isa gida ana cire gyaɗa. Inna ta dube ni daga nesa ta ce, "An dawo?" ta ci gaba da tankaɗe, amma rariyar ba komai a cikinta. Baba ya amsa gaisuwata. Na jira ya yi maganar kaset, bai yi ba. Bayan 'yan kwanaki na ajiye takalmin Anti a inda zai gani. Ya gani. Ya ce, "Ke, bokon nan ya isa haka. Ki koma Islamiyya."

Abin da na fahimta shi ne ya ji saƙona, shi ya sa ya aiko a dawo da ni, amma ba zai tsaya a kan maganar da za ta kunyata yayarsa ba. Ya zaɓi a rufe zancen gaba ɗaya, har da makarantar. Ban ga laifinsa sosai ba. Na koma Islamiyya da yamma, da safe gona ko surfe. 'Yan ajinmu na firamare suna wucewa ta bayan gidanmu zuwa sakandaren Zakirai da farin hijabi, in ina jan ruwa a rijiya sai in juya musu baya. Takalmin ya yi min daidai, daga baya ya matse ni, aka ba ƙanwata. Damina uku ta wuce a haka. Gwaggo tana aiko wa Baba da kaset da turmin atamfa duk sallah.

Gara ce ta ci azarar ɗakin Baba, aka ce a kwashe kayan ciki kafin ruwa ya sauka. Ranar kasuwar Zakirai ce, ya tafi sayar da akuya, ni da Inna muke kwashewa. A saman bango, inda azara ta shiga, na taɓo leda. Tun kafin in kwance na gane ɗaurin, nawa ne.

Kafin in saka shi a rikoda na ɗaga shi a haske, don in ga ko gara ta shiga. Kaset yana da 'yar taga a tsakiya da ake ganin zaren. Ni a tsakiyar gefe na biyu na bar shi, zaren rabi nan rabi can. Yanzu duk zaren yana wuri ɗaya, a farkon gefe na ɗaya. Abin da ya naɗu a ɗaya ɓangaren bai kai kaurin farce ba.

Na ɗauki rikodan Baba, wanda yake jin tafsiri da shi, na shanya baturan a rana suka ɗan farfaɗo, na zagaya bayan rumbu. Na danna. Waƙar farko ta ci gaba daga inda aka tsayar da ita, ko baiti ɗaya ba a gama ba.

Na zauna na ji gefe na ɗaya duka. Zaren ya saki, muryoyin suna ɗan lilo. Kiɗan bai kai girman da na bar shi da shi a kaina ba. A Kumasi na ɗauka manyan mutane ne, yanzu da na ji su sai na ga yara ne, wataƙila sa'o'ina na yau. Mai gangar yana fara waƙa da wani gudu ya ƙare da wani. Akwai inda mai waƙar ya nemi wata murya a sama bai same ta ba, ya ci gaba abinsa. Akwai ƙarar wata mota da ta wuce a waje. Na ji duk wannan da ban taɓa ji ba, na kuma ji ƙafata tana bugawa daidai inda kowace ganga za ta faɗi. Kaji suna tono kusa da ni. Bayan katanga wani yana sassabe. Da aka zo kan tarin nan da dariyar macen sai na ji warin takalman Anti, ya zo ya wuce.

Na juya gefe na biyu. Waƙa biyu masu gudu, sai gita ɗaya ya fara a hankali, sai ƙarar maɓalli. Hayaniyar kasuwa ta shigo, ana kiran kaya da yaren can. Sai wata ƙaramar murya da ban gane ba da farko.

"Salamu alaikum Baba. Ni ce. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da yara. Baba, ba a sa ni a makaranta ba. Tun da na zo ban shiga aji ba ko sau ɗaya. Kasuwa nake zuwa. Abin da nake faɗa a kaset ɗin Gwaggo, ita take cewa in faɗa. Ba a dukana. Ana ba ni abinci. Karatun ne babu. Na fara mantawa da lissafi. Baba, in da hali..."

Shiru ya biyo baya, dogo, sai numfashi. Daga sama muryar Anti: "Yi magana mana, batir yana mutuwa." Ƙaramar muryar ta ce, "Shi ke nan. Na gode." Maɓalli ya yi ƙara, gitan ya dawo, macen nan ce take rera ƙarshen waƙar ita kaɗai. Ban taɓa sanin ita ce mai waƙar ba, don ban taɓa bari ta kai nan ba.

Na kashe. Na samu Inna a madafa na nuna mata kaset ɗin na ce, "Inna, Baba ya ji wannan?"

Ta ɗan ja baya kamar na nuno mata kunama. "Ya ji mana. Shi kaɗai? Duk garin nan ya ji."

Ta ba ni labarin tana tura kara a murhu, ba ta dube ni ba. Malam Ɗanjuma bayan la'asar ya kawo, liman da dattawa suna zaune a zaure. Ya ce saƙo ne daga yarinya, ita da kanta. Baba ya ji daɗi, ya ce a kawo rikoda kowa ya ji 'yar makarantar Gana. Ya duba kaset ɗin ya ga zaren a tsakiya. Shi kuwa bai taɓa fara kaset daga tsakiya ba, ko na tafsiri ne sai ya mayar da shi gefe na ɗaya, ya sa biro ya naɗe har farko don kada ya ci batir. Ya naɗe a nutse, ana jira. Ya ƙure murya saboda liman ba ya ji sosai. Ya danna.

"Ni ina nan ciki na ji," in ji Inna. "Na ɗauka bango ne ya faɗi. Awaki suka tsinke. Malam ya ruɗe ya rasa inda ake kashewa, sai baturan ya zazzage. Liman ya ce, 'Malam Sale, wannan wace sura ce?' Wani ya ce ashe haka ake karatu a Gana. Har aka yi wata guda yara suna bin bayansa suna o-o-o in zai tafi kiran salla." Ta gyara wuta. "Ya ce shi ya kai ki da hannunsa inda kika koyo wannan. Ya ce laifinsa ne, ba naki ba, ba na Yaya Dije ba. Boko ne."

Na ce, "Akwai magana a ciki."

Ta ɗago. "Wace magana?"

Na juya na fita. Na koma bayan rumbu, na sa biro na mayar da zaren daidai inda sallamar take. Na san abin da zai biyo baya in an ji. Atamfar Gwaggo tana jikin Inna a lokacin, kuma an ce Gwaggon tana tafe bayan sallah. Na kuma san an fara rubuta sunayen masu shiga sakandare a Zakirai, ko da zan zauna aji ɗaya da ƙanwata.

Baba ya dawo kafin la'asar da igiyar akuya a hannu. Ya zauna a tabarma a gindin darbejiya, tunda ɗakinsa ba rufi, ya cire takalmi yana kaɗe ƙasa. Na kai masa ruwa. Na koma na ɗauko rikodan na durƙusa na ajiye a gabansa. Inna ta bar abin da take yi ta tsaya a ƙofar madafa.

Ya leƙa ta murfin ya gane kaset ɗin. Fuskarsa ba ta canza ba. Ya ce, "Wannan abin kuma?"

Na ce, "Akwai saƙona a ciki, Baba. Ba ka kai wurin ba."

Ya daɗe yana dubana, abin da bai saba ba. Sai ya buɗe murfin ya zaro kaset ɗin, ya ɗaga shi ya ga zaren a tsakiya, ɗaya hannun ya tafi aljihu neman biro.

Na ce, "Don Allah Baba, kada ka mayar da shi farko. Ka saka shi yadda yake, ka danna kawai."